Malamin Turanci da ya dawo gida da tabo a fasfo: yadda ake sake neman bizar aiki daga Legas

Wata uku ɗan yayata ya yi a Agege yana gaya wa kowa cewa kwantiraginsa ne ya ƙare a ƙasar Sin. Gaskiya ba ta fito ba sai ranar da ya zo wurina rancen kuɗi, wai wani ejan zai yi masa sabon fasfo da ɗan gyara a suna. Ashe da bizar ɗalibi ya shiga ƙasar, yana koya wa yara Turanci da yamma a wata cibiya. Jami'ai suka yi wa wurin dirar mikiya, aka ci shi tara, ya yi kwana goma a tsare, aka ce ya tattara nasa ya nasa ya bar ƙasar. Na ce masa, "To, me aka rubuta a kanka? Shekara nawa aka hana ka shiga?" Ya ce, "Wallahi Kawu ban sani ba. Da Sinanci aka rubuta, ni dai na sa hannu."

Daga baya na gane ba shi kaɗai ba ne. Daga Agege zuwa Idi-Araba da Obalende akwai 'ya'yanmu masu digiri, maza da mata, da suka je koyar da Turanci suka dawo ba shiri. Kusan dukkansu cuta ɗaya ke damunsu: suna zuba kuɗi wajen neman komawa tun ba su san abin da aka rubuta a kansu ba. Wannan jagorar daga nan ta faro, kuma komai na cikinta a kan wannan ya dogara.

Idan har yanzu kana can

Ka kai kanka kafin a kamo ka. Ba wa'azi nake yi ba, lissafi ne. A Tailan, tun daga 20 ga Maris 2016, wanda ya wuce wa'adin bizarsa da fiye da kwana 90 ya miƙa kansa, shekara ɗaya ake hana shi dawowa. Idan ya wuce da shekara ɗaya, a hana shi shekara uku, idan da shekara uku, a hana shi biyar, idan da biyar, a hana shi goma. Amma wanda aka kama a titi ko a aji, ko da kwanaki kaɗan ya ƙara, shekara biyar ce, kuma idan ƙarin ya haura shekara, goma ce. Tarar kuwa baht 500 ce kullum, ba ta wuce 20,000. Wanda ya ƙara ƙasa da kwana 90 ya je filin jirgi da ƙafarsa, tara zai biya ya wuce. Japan ma haka take: mai kai kansa yana iya samun umarnin fita mai haramcin shekara ɗaya, wanda aka tiso ƙeyarsa kuwa shekara biyar, idan ya maimaita goma.

Kada ka sa hannu a takardar da ba ka fahimta ba sai ka nemi tafinta. Ka nemi a sanar da ofishin jakadancin Najeriya. Idan mai makaranta ya riƙe fasfonka, ofishin jakadancin na iya ba ka takardar tafiya ta gaggawa wadda za ta kawo ka gida. Kuma duk takardar da aka miƙo maka, ko rasit ɗin tara ne, ka ɗauki hotonta ka tura wa wani a gida tun kafin ka hau jirgi.

Mataki na farko: ka san sunan hukuncinka

Ka zazzage jaka ka fito da komai: tsohon fasfo, takardar hukunci, rasit, tikitin jirgi, kwantiragi, saƙonnin WhatsApp ko WeChat tsakaninka da makaranta. Ka kai takardar hukuncin wurin mai fassara na gaske wanda zai buga hatimi. Manhajar fassara ta waya tana taimakawa a leƙa, amma a nan kalma ɗaya ce ke raba shekara ɗaya da shekara goma.

Ga misalin Sin. Dokar shige da fice da ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2013 ta bambanta abubuwa da mu a baki duk "an koro shi" muke cewa. Wanda ya wuce wa'adi ana cin shi tarar yuan 500 kowace rana, jimla ba ta wuce 10,000, ko a tsare shi kwana 5 zuwa 15. Wanda ya yi aiki ba izini, tararsa yuan 5,000 zuwa 20,000, idan abin ya yi tsanani a haɗa masa da tsarewa. Bayan wannan akwai hawa uku. Akwai wanda ake ba wa'adi a ce ya fita da kansa. Akwai wanda jami'ai ke rakawa su fitar, shi kuma haramcinsa shekara ɗaya zuwa biyar ne. Akwai kuma kora mai nauyi da ma'aikatar tsaron jama'a ke yankewa, shekara goma cur, kuma babu ɗaukaka ƙara. Da aka fassara takardar ɗan yayata, sai ga shi yana hawa na farko. Da ya ba wancan ejan kuɗi, da ya sayo wa kansa babban laifi don gudun ƙarami.

A Biyetnam doka ta ce wanda aka kora ba ya shiga sai bayan shekara uku, wanda aka tilasta wa fita kuwa wata shida. A Turkiyya kowane haramci yana da lambarsa a kwamfutar hukuma, kuma lauyan can yana iya duba lambar ya gaya maka dalili da wa'adi. A Saudiyya mutanenmu sun fi kowa sanin bambancin wanda ya fita da hurujin ƙarshe, wato bizar fita ta sallama, da wanda kafili, wato maigidan da ya ɗauki nauyinsa, ya rubuta wa hurub, wato ya kai rahoton ya gudu daga aiki, da wanda ya bi ta tarhil, wato gidan tsare waɗanda za a kora. Mai lambar igama, wato katin izinin zama, yana iya duba matsayinsa a shafin ma'aikatar ƙwadago ta ƙasar daga nan Legas.

Tambayoyi uku kake nema wa amsa. Hukuncin na hukumar shige da fice ne, ko kuwa kotu ce ta yanke? An sa haramcin shiga, kuma daga wace rana ake ƙirgawa? Akwai tarar da ba a biya ba? Ta farkon ta fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin kusan kowace bizar koyarwa tana neman shaidar cewa ba a taɓa samunka da laifi a kotu ba. Tara da tsarewar 'yan sanda a Sin hukuncin gudanarwa ne, ba na kotu ba. Wanda aka kama a Tailan kuwa gaban alƙali ake kai shi.

Idan ba ka dawo da ko takarda ɗaya ba, ka rubuta wa ofishin jakadancin ƙasar wasiƙa da sunanka, lambar tsohon fasfo da ranar fita. Wani lokaci su amsa, wani lokaci su yi gum, kuma dokar Sin ta ba su damar hana biza ba tare da faɗin dalili ba. Hanyar da ta fi tabbas ita ce lauya mai lasisi a can, ka ba shi wakilci a rubuce. Mutumin da ke zaune a shago a Ikeja yana cewa yana da "hanya a ciki" da zai goge sunanka daga kwamfutar wata ƙasa, cin kuɗinka zai yi.

Mataki na biyu: fasfo da tambayar da ke kan fom

Nan ne aka fi halaka. Shawarar da ke yawo a majalisa ita ce a jefar da tsohon fasfo, a je kotu a yi rantsuwa cewa ya ɓata, a yi sabo fes. Wannan dabarar zamanin da ce. Japan ta fara ɗaukar hoton yatsun baƙi tun 2007, Sin ta bi sahu a 2017, Saudiyya kuwa duk wanda ya je Umra ya san basma, wato ɗaukar hoton yatsu. Yatsanka ake tambaya, ba littafinka ba. A nan gida ma fasfo a ɗaure yake da lambar NIN, kuma yin ƙarya don samun fasfo laifi ne a dokar shige da fice ta 2015. Idan fasfonka ya ƙare, ka sabunta shi a Ikoyi ko Alausa ko Festac da sunanka na gaskiya, ka adana tsohon, ka riƙa haɗa su da roba.

Sai tambayar da ke kan kusan kowane fom: an taɓa hana ka biza, ko korarka, ko ka taɓa wuce wa'adi a wata ƙasa? Ka karanta ta da kyau, domin wasu ƙasarsu kawai suke nufi, wasu kuma kowace ƙasa a duniya. Ka amsa abin da aka tambaya, ka amsa gaskiya. Ingila tana hana wanda ta kama da yaudara a fom shiga har shekara goma, Kanada shekara biyar, Amurka kuwa haramcin ba shi da ranar ƙarewa. Su ukun da Ostareliya da Niyu Zilan suna musayar bayanan yatsu a tsakaninsu. Wuce wa'adi tabo ne mai warkewa idan lokacinsa ya cika. Ƙarya a fom ita ce ke bin mutum ƙasa ƙasa.

Kuma kada ka bar ejan ko yaron shagon intanet ya cike maka fom kana waje kana shan shayi. Da yawansu "a'a" suke dannawa daga sama har ƙasa don sauri. Kai za ka ɗauki alhakin, ba shi ba.

Mataki na uku: wace ƙofa ce ma take buɗe wa koren fasfo?

Wannan tambayar ya kamata a yi tun tafiyar farko, don rashin yin ta ne ya jefa yawancin malamanmu cikin laifi. Mu mun san da Turanci muka yi karatu tun daga firamare, amma ƙasashe da yawa ba sa lissafa ɗan Najeriya cikin masu Turanci a matsayin harshen uwa. Bizar E-2 ta Koriya ta Kudu ta malaman Turanci an ware ta ne ga 'yan Amurka, Ingila, Kanada, Ailan, Ostareliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Duk wanda ya ce zai samo maka ita da fasfon Najeriya, ka tashi ka ba shi wuri.

A Sin ma ƙa'idar ta fifita masu harshen uwa, shi ya sa cibiyoyi ke yin wata dabara: a nema wa mutum izinin aiki a matsayin manaja ko jami'in talla a wani kamfani, alhali alli yake riƙewa. Izinin aiki a can a ɗaure yake da sunan ma'aikata, irin aikin da kuma gari. Ranar da aka same ka a aji, takardar da ke aljihunka ba za ta cece ka ba. Ga shi tun Yulin 2021 gwamnati ta taka wa cibiyoyin darasin bayan makaranta burki, waɗanda suka rage da yawa a ɓoye suke aiki. Makarantar da aka kama za ta biya yuan 10,000 a kan kowane baƙo ta ci gaba da harkarta, kai kuma ka hau jirgi.

Tailan tana karɓar wanda ba ɗan waɗancan ƙasashe ba idan ya kawo sakamakon jarrabawar Turanci irin TOEIC, da digiri, da amincewar majalisar malaman ƙasar. Sai dai wanda aka kama yana aiki ba izini, ban da tarar baht 5,000 zuwa 50,000, ba a sake ba shi izinin aiki sai bayan shekara biyu. A ganina, wanda ke da tabo ya fi samun sauƙi idan ya daina neman aikin "mai harshen uwa", ya nemi aiki a matsayin ƙwararren malami mai takardar koyarwa a makarantar da ke ɗaukar malamai daga ƙasashe daban-daban.

Mataki na huɗu: takardu, kuma bi da bi

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma kuma akwai takardun da idan ka yi su da wuri, za su mutu a hannunka. Ka fara da masu daɗewa. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar hatimi guda da ake kira Apostille, saboda haka digirinka sai ya bi dogon layi: ma'aikatar ilimi ta tarayya, sannan ma'aikatar harkokin waje, duka a Abuja, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ka je. Ka duba sunanka a digiri, fasfo da NIN. Idan nan Muhammad ne, can Mohammed, wani wurin kuma an ɗora sunan gari a ƙarshe, ka daidaita tun yanzu. Mai tsabtataccen tarihi ana iya kau da kai a kan irin wannan. Kai kuwa dalili ake nema a kanka.

Takardar shaidar hali ta 'yan sanda ana fara nemanta a shafinsu na intanet mai suna POSSAP, a je a ɗauki yatsu, kuma babban ofishin rajistar masu laifi yana Alagbon a Ikoyi. Wata uku ne ƙarfinta, don haka kada ka karɓe ta sai makaranta ta turo tayin aiki a rubuce. Daga Agege ka fita bayan sallar asuba, in ba haka ba a gosulo za ka yini. Masu zuwa Tailan da wasu ƙasashen Asiya suna buƙatar takardar wankewa daga hukumar NDLEA, ita ma tana cin lokaci saboda ana neman masu tsaya maka. Masu zuwa ƙasashen Larabawa na yankin Gulf kuma gwajin lafiya sai a asibitin da Wafid, tsarin gwajin lafiya na ƙasashen, ya tura su.

Wadda aka fi mantawa ita ce shaidar 'yan sandan ƙasar da ka baro. Idan ka zauna a can wata shida ko shekara, sabuwar ƙasa na iya nemanta. Lauyan nan da ya duba maka hukunci, ka sa ya nemo ta a tafiya ɗaya. Haka nan idan ka taɓa riƙe izinin aiki a Sin, ka tabbata tsohuwar makaranta ta soke shi ta ba ka shaidar sokewa da takardar sallama, don in ba su, sabuwar makaranta ba za ta iya buɗe maka fayil ba. Ko kun rabu baram-baram, ka sauke murya ka roƙa.

Mataki na biyar: ka faɗa wa makaranta, ka rubuta bayani

Ba sai ka fara da labarin kamu a gaisuwar farko ba. Ka bari a yi hira, su ga iyawarka. Amma da zarar sun yi tayi, kafin su shigar da takardunka, ka faɗa musu. Makarantar da ta ji daga bakin hukuma ba za ta sake ɗaga wayarka ba, wadda ta ji daga bakinka kuwa tana iya tambayar ofishin ƙwadago na garinsu ko fayil ɗin zai wuce.

Takardar bayani shafi ɗaya ta isa. Ka faɗi ranar da ka shiga da irin bizar, abin da ya faru, hukuncin da aka yanke, ranar da ka biya tara, ranar da ka fita, da abin da kake yi tun daga lokacin. Ka liƙa rasit da fassarar hukuncin. Ban da zagin tsohon maigida, ban da dogon labarin wariyar launin fata ko da ta faru, ban da roƙo da magiya. Ɗan yayata ya fara rubuta shafi huɗu, rabi duk a kan matar da ta yaudare shi ta ce bizar ɗalibi ta wadatar. Na ce masa jami'in biza minti nawa gare shi? Muka mayar da ita layi goma sha biyu.

Idan wa'adin haramcin bai cika ba, kada ka gwada sa'a. Kowane hani sabon layi ne da za ka riƙa bayyanawa a fom. Turkiyya tana da wata biza ta musamman mai sharhi da ake iya ba wanda ke cikin haramci saboda aiki ko aure ko karatu, amma ta ofishin jakadanci ake nema, da makarantar da ta tsaya maka. Kuma cikar wa'adi ba alkawarin biza ba ne, dama ce kawai ta sake nema.

Zaman jira

Shekara ɗaya ko biyu a Legas ba asara ba ce idan ka cika ta da abin da za a iya nunawa a takarda. Ka kama koyarwa a makaranta mai rajista da ke biyan albashi ta banki, ko da kuɗin bai taka kara ya karya ba, don ka samu shaidar aiki mai hatimi. Ka yi rajista da hukumar malamai ta TRCN, idan digirinka ba na koyarwa ba ne ka yi difilomar PGDE. Ka zauna jarrabawar Turanci ta IELTS, ka yi kwas ɗin koyon koyar da Turanci ga baƙi, wato TEFL na awa 120 ko CELTA in da hali. Ga kuma maƙwabta masu Faransanci: daga nan zuwa Kwatano ta Seme tafiyar yini ɗaya ba ta kai ba, kuma ɗan ƙasar ECOWAS yana shiga ba biza har kwana 90. Amma ka lura, shiga daban, izinin zama da aiki daban, kada ka maimaita abin da ya dawo da kai. Akwai kuma shirin gwamnatin tarayya na TAC da aka kafa a 1987, mai tura malamai da wasu ƙwararru ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik na shekara biyu.

Kafin ka ba kowane ejan ko sisi, ka nemi ganin lasisinsa na ma'aikatar ƙwadago ta tarayya. Ma'aikatar tana da cibiyar ba masu ƙaura shawara a nan Legas. Wanda aka yaudara aka kai shi, aka ƙwace fasfonsa aka sa shi aiki dole, maganarsa ta hukumar yaƙi da fataucin mutane ce, wato NAPTIP, kuma rahoton da ya shigar yana iya zama hujja a takardar bayaninsa.

Ranar da biza ta fito

Ka duba harafin da ke jikinta tun a bakin kanta. Ta Sin Z ce, ta Tailan Non-B. Idan ka ga ta yawon buɗe ido ko ta kasuwanci aka ce "za a juya ta idan ka iso", ka ajiye tikitin. Bizar Z ma ta shiga ce kawai: cikin kwana 30 dole a mayar da ita takardar zama, kuma idan ba a otal ka sauka ba, cikin awa 24 sai ka yi rajistar masauki wurin 'yan sanda. A Tailan akwai kai rahoton adireshi duk kwana 90. Kada ka shiga aji, ko na gwaji ne, sai izinin aiki ya fito da sunan makarantar da kake ciki. Darasin gida da iyayen yara za su roƙe ka ranar Asabar, shi ma aiki ne a idon doka. Fasfonka ya kwana a ɗakinka, ranar ƙarewar kowace takarda kuma ka sa ta a waya da tunatarwar wata biyu kafin lokaci.

Ɗan yayata yanzu yana koyar da aji huɗu a wata makaranta a Ogba, yana zuwa darasin difiloma ranar Asabar. Takardar hukuncin nan da fassararta suna cikin leda a durowata, tare da tsohon fasfonsa, don ya ce idan suna hannunsa zuciya za ta riƙa raya masa ya ƙona su.